Shirin jaka don hawan dutse a tsakiyar hunturu

"Assalamu alaikum Malam. Ni da abokaina mun shirya hawa wani dutse mai tsayin mita 4000 da ɗoriya a tsakiyar hunturu. Za mu kwana a sama, kuma an ce tun daga rabin hanya dusar ƙanƙara ce. Ban taɓa shiga irin wannan sanyi ba. Na riga na sayi wata ƙatuwar jaket mai kauri, da wandunan jins biyu, da suwaita uku. Wani ya ce sun isa, wani ya ce sam ba su yi ba. Don Allah me ya kamata in ɗauka, kuma yaya zan shirya jakar kada nauyi ya gama da ni?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. In na fahimce ka, abu biyu kake nema: suturar da za ta raba ka da sanyin dutse, da yadda za ka haɗa ta da sauran kaya a jaka guda wadda bayanka zai iya ɗauka. Jaket ɗin tana da amfani in ba ta cika nauyi ba, amma ba a inda kake zato ba. Jins ka bar su a gida. Suwaita kuwa sai ka duba takardar da ke wuyansu, in auduga ce su ma su zauna.

Bari mu fara da abin da za ka tarar. A ƙiyasi, duk mita 1000 da ka hau, zafin iska yana raguwa da kimanin digiri 6.5 a ma'aunin Selshiyas. In gindin dutsen yana mita 1000 kuma ana digiri 5 a can, to a mita 4000 ka sa rai da wajen digiri 15 ƙasa da sifili, kuma wannan kafin a yi maganar dare. Sai iska. Digiri 10 ƙasa da sifili tare da iska mai gudun kilomita 30 a awa, fata tana jin sa kamar digiri 20 ƙasa da sifili, kuma irin wannan iska ba wani abin mamaki ba ce a kan tsauni. Ga shi a mita 4000 kowane numfashi yana shigo maka da kusan kashi 60 cikin 100 ne kawai na iskar oksijin da za ka samu a bakin teku. Saurin tafiyarka zai ragu, cin abinci zai fita daga ranka, jiki ba zai samar da ɗumin da ya saba ba, kuma zai riƙa janye jini daga yatsu don ya tsare ƙirji da ƙwaƙwalwa.

Zufa ce babbar matsala

Duk da haka, yawancin waɗanda na ga sanyi ya kayar da su a kan dutse ba ƙarancin kaya ne ya jawo musu ba. Jiƙewa suka yi, kuma da zufarsu. Mutum ya fito da asuba yana karkarwa, ya jibga duk abin da ya mallaka, ya kama hawa da jaka a baya. Kafin rabin awa ya yi sharkaf daga ciki. Yana tsayawa hutu iska ta same shi, sai ka ga haƙora suna haɗuwa. Ruwa yana janye ɗumi daga jiki fiye da iska sau 25 ko kusa da haka, kuma yayin da yake bushewa yana ƙara kwashe wani ɗumin. Yadda randa take sanyaya ruwa saboda tsatstsafowar da ke bushewa a jikinta, haka jiƙaƙƙiyar riga take yi wa mai ita.

Laifin auduga ke nan. Tana shan ruwa, tana riƙe shi, kuma da ta jiƙe ba ta da sauran ɗumi. Jins ya fi muni, domin in ya jiƙe a irin wannan yanayi ba ya bushewa, daskarewa yake yi ya sandare. Wannan hukunci ya hau kan singileti da gajeren wando na ciki da safa, waɗanda mutane suka fi mantawa da su.

Maganin shi ne sutura hawa-hawa, marasa kauri, waɗanda za ka riƙa cirewa kana mayarwa gwargwadon aikin da jikinka yake yi. Na farko shi ne wanda ke manne da fata, riga mai dogon hannu da dogon wando na ulun merino, wato gashin wani irin tumaki, ko na poliyesta. Aikinsu su kwashe zufa daga fata. Ulun merino yana iya shan danshi har kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa ba tare da ka ji shi a jiƙe ba, kuma ba ya saurin wari. Poliyesta ya fi saurin bushewa, ya fi ƙarko, amma bayan kwana biyu abokan tantinka za su san da zamansa. Ka ɗauki biyu: ɗaya na tafiya, ɗaya a ɗaure cikin leda wanda ba za ka taɓa ba sai lokacin kwanciya.

Na biyu shi ne mai riƙe ɗumi yayin da kake motsi, wato riga mai zif ta filis, wani yadin roba mai laushi, ko suwaita ta ulu zalla. Guda ɗaya marar kauri da ɗaya matsakaiciya sun fi guda ɗaya ƙatuwa, domin za ka iya haɗa su ko ka raba. Na uku shi ne na waje, jaket da wando masu tare iska da ruwa amma su bar tururin jiki ya fita, irin yadin Gore-Tex da makamantansa. Kada ka yarda da duk abin da aka rubuta a jikinsu game da fitar da tururi, domin babu yadin da ke fitar da zufa da saurin da mai hawan tudu yake yin ta. Shi ya sa na fi son mai zif a hammata, da hula mai faɗin da za ta rufe kwalkwali, da wando mai zif a gefe har sama, wanda za ka iya sakawa ba sai ka cire takalmi ba.

Sai na huɗu, inda jaket ɗinka za ta shigo. Wannan ta tsayuwa ce, ba a hawa da ita. Tana zaune a saman jaka, kana tsayawa ka ɗora ta a kan duk abin da kake sanye da shi tun kafin ka fara jin sanyi, in za ka tashi ka cire ta ka mayar. Don haka ka gwada taka, in ba ta rufe sauran hawa ukun ba tare da matse ka ba, ta yi kaɗan. Cikinta ko dai laushin gashin agwagwa ko na dinya ne, ko kuma zaren roba. Gashin ya fi ɗumi a kan nauyinsa kuma ya fi matsuwa a jaka, lambar da ake rubutawa a kansa daga 600 zuwa 900 tana nuna yadda yake kumbura, mai yawan lamba ya fi kyau. Illarsa in ya jiƙe sai ya dunƙule ya zama banza. Zaren roba ya fi nauyi amma yana jure danshi. A dutsen da sanyinsa busasshe ne na fi son gashi. In wurin mai hazo ne da jiƙaƙƙiyar dusa, roba ta fi kwanciyar hankali, balle ga sabon shiga.

Abin da nake yi da duk ayarin da na jagoranta shi ne mu tashi muna ɗan jin sanyi, bayan minti goma ko sha biyar mu tsaya kowa ya rage abin da ya yi masa yawa. Ba na jira sai wani ya ce zafi yake ji, domin kunya takan hana mutum tsayar da jama'a, ya yi shiru har ya jiƙe.

Hannu, ƙafa da ido

A nan ne ya kamata kuɗinka da hankalinka su fi tafiya, domin nan ne ake yin asarar da ba ta dawowa. A shekarar 1950 Bafaranshen nan Maurice Herzog da abokinsa Louis Lachenal suka hau Annapurna a ƙasar Nepal, dutse na farko mai tsayin sama da mita 8000 da ɗan'adam ya taka ƙololuwarsa. A hanyar saukowa Herzog ya cire safar hannunsa, suka gangara, ya ci gaba da hannu tsirara. Ya rasa yatsun hannu da na ƙafa. Dutsenka bai kai rabin wancan wahala ba, amma iska tana ɗauke safar hannu a ko'ina.

Ka tafi da iri uku. Siririya wadda ba ta barin hannunka ko da za ka ɗaure igiyar takalmi ko ka taɓa ƙarfe. Mai kauri mai yatsu biyar wadda ba ta shan ruwa, ta tafiya. Sai ƙatuwa wadda ke haɗa yatsu huɗu wuri guda, ita ta fi kowace ɗumi saboda yatsun suna ɗumama juna. Ka sa musu igiya ka rataya a wuyan hannu, kuma siririyar ka riƙe guda biyu, domin ita ce ke fara jiƙewa. In ka cire safa kada ka ajiye ta a kan dusa, ka cusa ta cikin riga ta ƙirji.

Takalmi kuwa ba kowane takalmin yawon daji ne ya dace ba. A kan daskararriyar dusa ana ɗaura wa takalmi wasu ƙarafa masu haƙora da ake kira kiramfon, kuma suna buƙatar tafin takalmi mai tauri wanda ba ya lanƙwasa, in ba haka ba sai su kwance a inda ba a so. Ana rarraba irin waɗannan takalma B1, B2 da B3, daga mai ɗan laushi zuwa mai tauri ƙwarai, ƙarafan kuma C1, C2 da C3. Ƙa'idar ita ce lambar ƙarfe kada ta wuce ta takalmi. Tafiya irin taka B2 ake nema akasari, in sanyin ya tsananta ko za a kwana da yawa a kan dusa sai B3 mai ciki biyu, wanda ake zare na cikin a kwana da shi.

Girman takalmin ya fi sunan kamfaninsa muhimmanci. Ka gwada shi da safar da za ka hau da ita, da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, kuma ka tabbata yatsunka suna motsi a sake. Kuskuren da ake yawan yi shi ne cusa safa biyu ko uku masu kauri a takalmi ɗaya. Wannan matse jini yake yi, ƙafar da jini ba ya zagayawa kuwa ita ce ke fara daskarewa. Safar ulu ɗaya mai kauri, ko siririya a ƙarƙashinta, ta wadatar. Ka ɗauki saiti uku, ɗaya na barci kaɗai. Ka ƙara da abin rufe ƙwauri da ake ɗaurawa a kan bakin takalmi don kada dusa ta zuba ciki. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya: ka yi makonni kana takawa da takalmin, da jaka a baya, har ka san inda yake cizo. In haya za ka yi a can, ka isa da wuri ka zaɓa da natsuwa, ka ɗaura ƙarafan a kansa ka gani da idonka.

Ido shi ne abin da wanda bai saba ba ya fi rainawa, don yana ganin ai sanyi ake yi. Hasken rana mai ƙona fata, wanda ake kira UV, yana ƙaruwa da kimanin kashi 10 cikin 100 a duk mita 1000, sabuwar dusa kuma tana maido da kusan kashi 80 cikin 100 nasa sama. Yana ƙona fatar ido ba tare da ka ji komai ba, sai bayan awa 6 zuwa 12 ka ji kamar an zuba maka yashi, hawaye ya ƙi tsayawa, ka kasa buɗe ido. Ko da gajimare wannan yana faruwa. Ka nemi tabarau mai lamba 4, mai rufe gefe, da kuma babban gilashin nan mai roba da ke manne wa fuska saboda ranar da iska ke kwaso dusa. Man kare fata mai lamba 50 ka shafa har ƙarƙashin hanci da haɓa, tunda hasken daga ƙasa ma yake zuwa. Duhun fata yana rage ƙuna amma ba ya hana ta, leɓe kuwa babu ruwansa da launin kowa, ka sa masa nasa man. Sai hular sanyi mai rufe kunne da ƙyallen wuya wanda za ka iya ja ya rufe hanci da baki.

Kwana, ruwa da wuta

Jakar barci takan zo da lambobi uku bisa ma'aunin ISO 23537: na jin daɗi, na iyaka, da na matsananci. Na farkon kaɗai za ka duba. Na ƙarshen yana nufin mai yiwuwa mutum ya kai safe da rai, ba barci zai yi ba. Ka tambayi ja-goranku mafi ƙarancin sanyin da ake samu a masaukin, ka zaɓi wadda lambar jin daɗinta ta kai nan ko ta ɗan wuce. In a tanti za ku kwana a kan dusa, shimfiɗa ta zama dole kamar jakar, domin nauyinka yana danne cikin jakar ta ƙasa, ƙasa kuma ta yi ta zuƙe ɗumi. Ana auna shimfiɗa da lambar R, kuma kan dusa ana son 5 ko sama. Nakan haɗa ta soso da ta hurawa, lambobinsu suna haɗuwa, kuma in ta hurawar ta huje ba a kwana a ƙasa ba. In a ɗakin masu hawan dutse za ku sauka, inda akwai gado da bargo, nauyi mai yawa ya ragu, sai ka tambaya tun yanzu.

Busasshiyar iska da yawan haki suna ƙarar da ruwan jiki, ga shi sanyi yana kashe ƙishirwa. Gora mai faɗin baki ta fi jakar ruwa mai tiyo, domin tiyon yana daskarewa tun da safe. Ka sa gorar cikin jaka ka kife ta, saboda ruwa daga sama yake fara ƙanƙara, murfin sai ya tsira. Fulas na ruwan zafi ya cancanci nauyinsa. Abin taɓawa a hanya ya zama wanda ba ya zama dutse in ya daskare, ka yayyanka shi ƙanana ka sa a aljihun ciki.

In ku za ku dafa da kanku, ku lura da gas, domin iri-iri ne. Butan zalla yana daina tashi a wajen sifili, aisobutan yana kaiwa kusan digiri 12 ƙasa da sifili, furofen kuma har 42. Ku sayi gauraye na hunturu, ku kwana da gwangwanin a jakar barci. Narkar da dusa yana cin gas sosai, kuma a mita 4000 ruwa yana tafasa ne a wajen digiri 87, girki yana daɗewa. Kada a kunna risho a rufaffen tanti, hayaƙinsa marar wari yana kashe mutane cikin barci. Batir ma sanyi yana zuƙe shi, don haka waya da batiran tocilar goshi su zauna kusa da jiki, kuma batiran litiyam sun fi na gama-gari jure sanyi. Taswirar takarda da kamfas da usur ba sa buƙatar caji.

Akwai kayan da sayensu bai isa ba sai da koyo. Gatarin ƙanƙara yana tsayar da wanda ya zame ne kawai in ya taɓa gwada yadda ake yi, kiramfon kuma yana iya harɗe wanda bai iya takawa da shi ba. In hanyarku tana ratsa gangaren da dusa ke zaftarewa, kowa yana buƙatar na'urar gano wanda aka binne, da shebur, da sandar caka dusa, kuma ya iya aiki da su, domin damar fito da mutum da rai tana faɗuwa sosai bayan minti 15 na farko. Ko kuna buƙatar waɗannan, da igiya da kwalkwali, hukuncin ja-goran da ya san dutsen ne a wannan makon. Jerin kayan da ya aiko muku ya fi nawa ƙarfi duk inda muka saɓa.

Haka ma maganar magani. Ciwon tsauni yana iya kama mutum daga mita 2500, kuma ba ya duba ƙarfi ko ƙuruciya. Ƙa'idar da likitocin fannin suka yarda da ita ita ce bayan mita 3000 kada wurin kwana ya ƙaru da fiye da mita 500 a rana. Akwai ƙwayar asetazolamaid da ake sha don rigakafi, amma likitanka ne zai ce ta dace da kai, musamman in kana da sikila, ko ciwon zuciya, ko na huhu, waɗanda tsayi kansa yake iya tayarwa. Babu jaket da ke maganin ciwon kai mai tsanani da amai da tangaɗi, sauka ake yi. A ƙaramin akwatin magani ka sa filastar bororo, maganin ciwon kai, da bargon gaggawa. In yatsa ya yi fari ya sandare kada a murza shi, kada a kanga shi a wuta. Ruwan ɗumi na digiri 37 zuwa 39 ake sa shi, kuma sai an tabbata ba zai sake daskarewa ba.

Yadda za a jera su

Jaka mai lita 50 zuwa 65 ta isa in kai ke ɗauke da kayan kwananka, in akwai masu dako ko alfadarai kuwa mai lita 35 zuwa 40 ta wadatar da yini. Nakan so nauyin kada ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mai ɗauka, ko da yake kayan hunturu sukan tsallake wannan. Ka fara shimfiɗa babbar leda mai kauri a ciki, komai ya shiga cikinta. Jakar barci da kayan kwana su tafi can ƙasa. Masu nauyi, ruwa da abinci da risho, su zauna a tsakiya manne da bayanka. A sama jaket ɗin tsayuwa, da rigar iska, da ƙatuwar safar hannu. Aljihun murfi na tocila ne da tabarau da man fata da taswira. Kada ka rataya tarkace a waje ban da gatari da sandunan dogarawa, iska da duwatsu suna fizge su. Ka ƙulla ɗan igiya a kowane zif yadda za ka ja shi da safa a hannu, sannan ka gwada a gida: sanye da safa mai kauri, cikin duhu, ka fito da jaket ka saka ka rufe jakar. Duk abin da ya gagare ka a ɗaki, a sake masa wuri.

Wajen rage nauyi, kayan canji ne ke cika jakar sabon shiga. Riga ɗaya za ka yi kwanaki da ita kamar kowa. Suwaita ukun nan, ko da na ulu ne, biyu sun isa.

In jirgin sama za ku hau, gwangwanin gas ba ya shiga jirgi ko ta wace hanya, sai ku saya a can. Gatari da kiramfon da wuƙa suna cikin kayan da ake aunawa, abin cajin waya na tafi-da-gidanka kuma dole ya kasance a jakar hannu, wanda ƙarfin batirinsa bai wuce 100 Wh ba yana wucewa ba tare da neman izini ba. Takalmin ka sa shi a ƙafa ka hau jirgin da shi, jaket ɗin waje da tabarau kuma su shiga jakar hannu, domin in babbar jaka ta makale a wani filin jirgi, sauran kayan ana samun haya a gindin yawancin manyan duwatsu, amma takalmin da ƙafarka ta saba da shi ba a samunsa.